Azumin da Ban Yi Ba a Hanyar Shagamu

A bazarar bana, shekarar nan da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira da kwabo, na yi tafiya daga Gombe zuwa Shagamu sarin goro. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce duk wanda ya yi tafiya ya rubuta abin da ya gani a karanta wa 'yan aji. Na yi mako uku ina juya fensir. Abin da na gani a hanya ba shi da wuyar rubutawa. Abin da na aikata ne ya tsayar da ni.

Kun san sana'ata, goro nake sayarwa a tebur a Tudun Wada. Wanda nake sara a wurinsa wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Ya fi shekara talatin yana zuwa Kurmi da kansa. Yanzu gwiwa ta fara gaza masa, 'ya'yansa kuwa duk sun yi boko sun kama aikin gwamnati, ba mai son warin ganyen goro. Ran nan ya kira ni zaure ya ce in shirya mu tafi tare, zai sa hannuna cikin hannun mai masaukinsa, daga nan ni zan riƙa zuwa a madadinsa. Ya ƙara da cewa, "Hanyar tana son mai lafiya, kai kuwa na ga ba ka cika kwanciya ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Abin da bai sani ba shi ne, wata biyu kafin nan likita ya ce ina da gyambon ciki. Ya hana ni barkono da yaji, da duk abin da aka soya, da mai tsami, da goro. Mai goro aka hana wa goro. Ya kuma ce kada in bar cikina ba komai, in riƙa cin kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina. Ita ta shirya mini guzuri: gumba ba yaji, burodi huɗu, dafaffen dankali, gwangwanin garin madara, da kwalbar farin maganin nan mai kama da ruwan alli. Ta ce, "Ka gaya wa Baba mana." Na ce in mun isa.

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ana idar da salla. Babbar mota ce mai bodin katako, an cika ta da buhunan wake za a kai kudu. Direban Babarbare ne mai surutu, tun a tasha ya fara tsokanar Baba, wai yau ya ɗauko Bafillace, in mota ta lalace sai ya sauka ya kora ta da sanda. Baba da wani mai sayar da kwanuka suka shiga gaba. Mu shida muka hau kan buhuna.

Hanyar Bauchi ba ta da laifi, sai dai ƙasa ta nuna farin bana. Mun yi ta wuce garkunan shanu sun nufi kudu, ƙashin haƙarƙari a waje. Da hantsi muka tsaya a Alkaleri karin kumallo. To, al'adar fatake ce in an sauka a shimfiɗa tabarma ɗaya, kowa ya zube guzurinsa, a ci tare. Wanda ya ware da nasa, ko marowaci ne ko yana zargin wani. Aka zube dambun nama, da ƙuli-ƙuli, aka sayo masa ta sule biyu da miya ja wur, mai yana yawo a kai. Ni ina tsaye da jaka a kafaɗa, ina tunanin in na fito da gumba ba yaji da kwalbar asibiti, tambaya ta farko daga Baba za ta fito.

Ya ɗago kai ya ce, "Matso mana, me kake jira?"

Ban shirya maganar ba, wallahi. Ji kawai na yi ta fito. "Ina azumi, Baba."

Direba ya ce, "Azumi a kan buhun wake? Malam, Allah da kansa ya ɗauke wa matafiyi, kai ka ce a'a?"

"Litinin ce," in ji Baba. "Ƙyale shi. Ɗan babansa ne, marigayi ma haka yake."

Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne. Da za mu tashi Baba ya ce mai azumi ba ya zama a rana. Mai kwanuka, wanda ya biya kuɗin gaba da kuɗinsa, ya ce shi ma yana son ladan, ya tattara rigarsa ya hau bisa. Aka sa ni tsakanin Baba da direba. Da a kan buhuna nake, da na juya baya na gutsiri burodi ba wanda ya sani. Yanzu ko yawu na haɗiye sai an ji.

Muka ƙetare gadar Dindima, kogin ya janye sai yashi da ɗan ruwa kamar zare. Kafin mu shiga Bauchi cikina ya fara. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: kamar an ajiye garwashi a ƙarƙashin ƙirji ana hura shi a hankali. Da aka tsaya shan mai sai dabara ta zo mini. Mutum in ya ɗauki buta ya nufi bayan gari, ba mai binsa, ba mai tambayarsa. Na cusa dankali biyu a aljihun riga, na ɗauki buta. A nan na ci abincina na farko a tafiyar, a tsugune, a bayan wani kango inda mutane ke kewayawa, ina korar ƙuda da hannu ɗaya. Na kurɓi magani, na goge farin da ya bari a leɓena, na dawo da fuskar mai ibada.

Da lokacin salla ya yi muka haɗa azahar da la'asar a Nabardo. Mai kwanuka ya tura ni gaba, wai mai azumi ya ja mu. Na ja su.

Jos muka isa gab da magariba. Gari ne mai sanyi ko a bazara, ga dankalin Turawa da kabeji jibge a bakin hanya. Har yanzu can ma rigimar sabon kuɗi ake yi. Mai shayi ya ce kwabo biyar, wani tsoho ya ce shi sisi ya sani, aka yi ta gardama alhali kuɗin ɗaya ne. Ana kiran salla sai ga Baba da kansa, yana ɗingishi, ya riƙo mini buɗa-baki: kunun tsamiya, da ƙosai mai zafi, da tsire an barbaɗe shi da yaji. Duk abin da likita ya lissafa, dattijon nan ya tara mini a faranti ɗaya da kuɗinsa. Suka kewaye ni suna sannu, sannu. Na ci. Ban rage ba, don Baba yana kallo yana jin daɗi. Yadda na kwana ba sai na rubuta ba.

Talata da safe muka sauka a Saminaka. Na yi niyyar a ranar ƙarya ta ƙare. Amma da aka shimfiɗa tabarma na ga wake da manja da barkono, na tuna jiya, sai na ga in na ce na sauke azumi dole in sa hannu. Na ce ai na kwana ukun tsakiyar wata nake yi, jiya sha uku, yau sha huɗu.

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce, "Kai, ka kunyata ni. Ga wata ya cika ina kallo, ban ko tuna ba. Yau ta wuce. Gobe da ni."

Na ce, "Baba, da zafin nan? Ga shekaru."

"Shekarun ne suka sa. Kai kana da sauran lokaci, ni fa?"

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, direba ya danna ham, na rufe.

Kaduna ta canja ƙwarai. Ko'ina gini ake yi, tifa na shiga tifa na fita, ga sababbin motoci ƙanana suna walƙiya, an ce kuɗin man fetur ne ya fara zagayawa. Farantin shinkafa da nama ɗaya sule uku, abin da a Gombe za ka ci ka ƙoshi da sule. Direba yana ta faɗa da masu kekuna, wai tun bara da aka mai da tuƙi hannun dama su har yau ba a gaya musu ba. Daga nan muka kama hanyar Birnin Gwari. Kwalta siririya ce, in mota biyu suka haɗu sai kowa ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. Daji ne sosai, ga gawarwakin motoci a rami, wasu har ciyawa ta fito ta tagoginsu.

A wannan rana sau huɗu na sa aka tsaya mini. A na huɗun direba ya bi ni da kallo ya ce, "Alaramma, ni dai ina da tambaya. Abin da ba ya shiga, ta ina yake ta fita?" Na bisa suka fashe da dariya. Baba ya ce, "Kai Babarbare, ka ji tsoron Allah." Shi ya kare ni. Na tafi da butata, burodi yana tokare mini cinya.

A Tegina muka kwana. An sake yi mini buɗa-baki, wannan karon sakwara da miya. Kafin alfijir Baba ya tashe ni, muka sha kunu tare, ya ɗaga hannu ya yi niyya. Ni ma na motsa leɓe.

Laraba ita ce ranar. Daga Makwa zafi ya sauya, ya zama mai nauyi, riga na manne wa mutum. Mun iso Jabba rana tsaka. Gadar Kwara ɗaya ce ga jirgin ƙasa da motoci, in jirgi zai wuce sai a tare kowa. Muka tarar da layi ya kai motoci talatin, aka ce jirgin kaya ake jira, ba wanda ya san lokacinsa. Mata suna ta yawo da soyayyen kifi a tire, da lemo, da ruwa a tulu. Na dubi Baba. Leɓensa ya bushe ya yi fari, yana jan carbi a hankali, gumi na bin gemunsa. Ni kuwa garwashina ya tashi. Na ɗauki buta.

Can gefen layin dogo akwai tarin tsofaffin katakai. Na zaga bayansu na tsuguna. Na zuba garin madara a ɗan kwanon sha, na dama da ruwan buta, na tsoma burodi. Na kai loma ta uku ke nan sai inuwa ta faɗo a kan kwanon. Baba ne. Ya sauko zai je bakin ruwa ya jiƙa rawaninsa ya ɗora a ka.

Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya dubi kwalbar da ke ƙasa. Bakina cike yake, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Madara tana bin haɓata.

Ya ce, "Ci a hankali, kada ka ƙware."

Ya wuce. Ina jin sandarsa tana bugun tsakuwa har ta yi nisa.

Sai bayan awa biyu jirgin ya wuce. Muka hau gada a hankali, ruwa a ƙasa faɗi kamar ba iyaka, amma ni gwiwoyina nake kallo. Kafaɗata tana gugar ta Baba duk sanda mota ta faɗa rami. Bai matsa ba. Da muka tsaya salla kusa da Ilori mai kwanuka ya sake turo ni gaba, sai Baba ya ce, "Yau direba ya ja mu." Direba ya ce, "Ni? Lalle duniya ta zo ƙarshe, Bafillace ya bi Babarbare." Aka yi dariya, ban da mu biyu.

Mun wuce Ilori da kamar awa ɗaya, rana ta yi ja amma da saura, sai na ji kan Baba ya faɗo a kafaɗata. Carbin ya zame ƙasa. Na yi ihu direba ya taka birki. Muka sauko da shi ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, aka cire masa rawani, ana yi masa fifita da murfin kwano. Ya buɗe ido. Direba ya kawo ruwa ya durƙusa, duk wasan ya fita daga muryarsa. "Baba, don Allah sha. Nafila ce, ba farilla ba." Baba ya kau da kai.

Mai kwanuka ya ce mini, "Kai ka jawo, kai zai ji. Ka ce ku karya tare."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ka sha. Ni ban yi ko ɗaya ba. Tun Alkaleri ƙarya nake yi. Gyambon ciki gare ni, ci nake yi a ɓoye."

Mai kwanuka, wanda ya kwana biyu da rabi yana gasuwa a kan buhuna saboda ni, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Inna lillahi."

Baba ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Na sani. Nawa ba don kai na ɗauka ba."

Bai sha ba. Muka zauna a bakin hanya mu tara muna kallon rana, motoci na wucewa suna watsa mana ƙura. Ban taɓa ganin ranar da ta daɗe ba ta faɗi ba kamar wannan. Da ta faɗi direba ya ba shi ruwa da hannunsa. Ni na tashi na hau kan buhuna, mai kwanuka ya koma mazauninsa.

Alhamis da hantsi muka shiga Shagamu, bayan mun ratsa Badun da cunkosonta. Unguwar Hausawa ta can kamar ka ɗauko wani yanki na Kano ka ajiye a cikin kurmi. Ko'ina mata ne zaune suna ɓare goro, ga ganye jibge, ga huhuna an jera har rufi. Mai masaukin Baba wani Bakano ne mai furfura, ya fito da gudu ya rungume shi. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Wannan ne wanda ka aiko mini da labarinsa?"

Baba ya ce, "Maƙwabcina ne. Ya rako ni."

Kwana biyu Baba ya yi a kwance, zazzaɓi da amai. Goron farko mai kyau da ya shigo kasuwa wasu suka saye. A rana ta uku ya fito, muka zauna muna tsince marsa daga ƙanana, muna ware masu sankara. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Me ya sa?"

Na ce, "Ka ce hanya tana son mai lafiya."

"Na faɗa. Da ka gaya mini, da na ce ka taho da tukunyarka. Na san mai tari da ya shekara ashirin a hanyar nan." Ya juya wani goro a hannu ya jefa shi cikin marasa kyau. "Ni da mai masaukin nan ba takarda tsakaninmu, magana ce kawai. In na aike ka, ka dawo ka ce mini ruwa ya ɓata huhu biyu a Jabba, ƙila gaskiya ne. To ni yaya zan yi da zuciyata?"

Muka ci gaba da tsincewa.

A dawowa motar nan dai muka shiga, ta ɗauko goro. Na hau bisa tun daga farko. A zangon farko na zube burodina da madarata da kwalbata a kan tabarma kowa yana gani. Ba wanda ya tsokane ni. Direba ma, duk inda muka tsaya, kafin in sauko ya riga ya ƙwala wa mai abinci kira: "Uwar gida, fara ba miya, ga mai gyambo!" Sai a kawo farar shinkafa ko dafaffiyar doya, har wata a Makwa ta ƙara mini da madarar shanu ta ce mijinta ma haka yake fama. Tun daga Shagamu har Gombe ban rasa abin ci ko sau ɗaya ba, cikina kuma bai tashi ba. Wannan sauƙin ya fi komai ba ni kunya.

Mun iso gida ranar Alhamis da la'asar, kwana goma cif. Maiɗakina ta karɓi jaka ta ce, "Ka gaya masa?" Na ce ya sani.

Abin da tafiyar ta koya mini guntu ne. Mai ciwo in zai yi doguwar hanya ya faɗi ciwonsa tun a tasha, kafin a shimfiɗa tabarmar farko. Ba a rasa farar shinkafa a hanya.

Ga kuma abin da aka rasa. Baba ya rasa kwana biyu na kasuwa da goron farko. Mai kwanuka ya rasa inuwar kwana biyu da rabi da ya biya. Sau biyar na tsaya a gaban mutane na ja su salla da sunan da ba nawa ba. Ni na rasa hanyar Shagamu, wani ɗan ƙanwar Baba ne ya tafi a watan jiya. Har yanzu a wurin Baba nake sarin goro, bai rage mini ko ƙwarya ɗaya ba. Kullum da safe ina zuwa zaure in gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar jiki. Ya dai daina ce mini in zauna.